Ranar da Nomau ya fara shiga inuwa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani garin bakin fadama can da daɗewa, ana ce masa Nomau. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne. Abin da Allah ya ba shi ƙarfi ne. In ana yankan shinkafa, shi ke gaba, saura na bin bayansa.

To ku saurara. Mutanen garin nan suna da wata muguwar al'ada. Duk wanda ya fara ajiye lauje ya nufi inuwa, shi ne ragon shekara. Makaɗi ya sa shi a waƙa, yara su ɗauka, masu gona su daina kiransa aiki. Saboda haka kowa sai ya daure, ko da kansa na sarawa.

Wata rana ana yanka a gonar wani attajiri. Rana ta take, iska ta ɗauke, laka ta yi zafi kamar ruwan wanka. Kusa da Nomau akwai wani dattijo, Baba Cindo, wanda ɗansa ya rasu ya bar masa jikoki. Damin shinkafar da ake ba shi ladan aiki, da shi gidan ke ci.

Nomau ya waiga ya dube shi. Kowa sharkaf da zufa, amma jikin tsohon ya bushe ƙayau, zufa ta ɗauke. Yana kai lauje yana kuskuren kara. Nomau ya tuna haka ya ga mahaifinsa ya yi ranar da aka ɗauko shi daga gona. Ya raɗa wa Baba Cindo ya je ya huta. Tsoho ya girgiza kai, ya ce in ya zauna yau, gobe me yaran za su ci?

Jama'a, me za ku yi? In ya ɗaga murya ya ce tsoho ya gaza, ya yanke masa abinci. In ya yi shiru, gawa za a ɗauka.

Sai Nomau ya yar da laujensa, ya dafe kai, ya ce, "Ni kam na gaji. Baba, kama ni ka kai ni inuwa."

Aka yi ta shewa. Makaɗi ya juya ganga a kansa nan take. Da suka isa gindin tsamiya, Nomau ya kwantar da tsohon, ya jiƙa rigarsa ya lulluɓa masa, yana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Ganin na gaba ya zauna, sauran ma suka sulalo ɗaya bayan ɗaya, ashe duk a wahale suke.

Da tsoho ya dawo hayyacinsa, ya ce, "Yaro, ƙaryar gajiya ka yi."

Nomau ya ce, "Wa bai gaji ba, Baba? Sha ruwa."

Kada ku zaci an gode masa. Attajirin bai sake kiransa ba. Sunan rago ya bi shi shekara da shekaru, yana jin zafin abin, wallahi yana ji, amma bai taɓa buɗe baki ba. Baba Cindo kuwa ya ci gaba da samun daminsa har jikokin suka girma.

To 'yan'uwa, alheri ba sai da aljihu ba. Wani da mutuncinsa yake sadaka, kuma ita ta fi wuyar bayarwa. Ku masu gona, ku ji tsoron Allah, ku bar mutane su huta in rana ta take. Ku kuma masu ƙarfi, gobe in kun shiga fadama, ku riƙa waigawa. Wataƙila na kusa da kai jira yake wani ya fara zama.