Mata Uku da Ba Su Taɓa Shan Maganin Ba

An yi wani mutum, saurayi, da ya shiga koyon gina shafin intanet. Ajinsu ɗaki ne a saman wani shagon gyaran waya. Kwamfutoci a jere, fanka ɗaya, ita ma sai an tura ta da tsinke take tashi.

Malaminsu bai sa su fara daga tushe ba. Ya ba su wani tarin kayan gini da masu sana'ar suka riga suka shirya. Maɓalli yana nan, akwatin hoto yana nan, launi yana nan. Kai dai ka kira sunan abu a layi ɗaya, ya fito, ya kuma daidaita kansa a fuskar waya. Saurayin nan yana da kai. Kafin a jima abokansa sun sa masa Injiniya.

Aikinsa na farko daga wani mai sayar da maganin hawan jini ya zo. Ruwa ne baƙi a gora, shi yake haɗawa a bayan shagonsa.

Injiniya ya gina shafin. Ya yi kyau. Sai ya iso wurin da aka tanada don shaidar waɗanda suka gwada kaya: akwati uku, kowanne da gurbin hoto, da gurbin magana, da taurari biyar a ƙasa. Ya tambayi mai magani su wa zai sa.

Mai magani ya yi dariya. Ya ce, “Injiniya, da ina da masu saye, me zai kawo ni wurinka? Cike kawai.”

Ya 'yan uwa, cire akwatunan nan ba ya wuce goge layi kaɗan. Injiniya ya san haka. Amma in ya cire, tsakiyar shafin zai zama fili, kyan ya ragu. Abin da ya tsaya masa a rai ke nan.

Ya kwaso hotunan wasu mata uku daga intanet. Ya sa musu magana a baki. Ta tsakiya ya rubuta mata: “Na jefar da ƙwayoyin asibiti, yanzu lafiyata lau.” Ya manna ƙaramin tambari kore mai cewa an tabbatar. Wa ya tabbatar? Kalma ɗaya ce ya buga, tambarin ya fito.

Malaminsu ya leƙo ta kafaɗarsa. Ya ce, “Ka san matan nan?” Ya ce ado ne kawai. Malam ya ce, “Adon da yake magana ba ado ba ne.” Ya wuce tebur na gaba.

Injiniya ya tura shafin a zauren hira na 'yan gidansu da ke waya, don a ga aikinsa. Aka yi ta sa albarka. Mahaifiyarsa ta daɗe da hawan jini, kullum da ƙwaya take karyawa, ta kuma gaji da ita. Ba ta yarda da talla. Amma wannan ɗanta ne ya yi. Ɗanta zai sa abin da bai bincika ba?

Ta aika aka sayo mata gorar. Ta ajiye ƙwayoyin. Ba ta gaya wa kowa ba, so take ta warke tukuna ta ba shi mamaki.

Wata safiya tana shanya ta faɗi. Aka kai ta asibiti. Ta rayu, amma gefen dama ya tafi, baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Yayarsa ce ta tsinci gorar a ƙarƙashin gado. Ta same shi a barandar asibiti, ta buɗe shafin, ta ɗora yatsa a kan matar tsakiya.

Ta ce, “Kai ni wurin wannan. Ina so in ji yadda ita ta warke, Umma ta kwanta.”

Ya kawar da fuska.

“Da kai nake, auta.”

Ya ce, “Babu ita, Yaya.”

Ba ta zage shi ba. Ta miƙa masa kwanon da ake ba Umma abinci, ta ce daga yau aikinsa ne.

Ya sauke shafin a ranar. Mai magani ya rufe shago ya ɓace. Injiniya bai koma aji ba. Yana zaune gefen gado, yana ba Umma a baki, yana share abin da ya zubo. Ita kuwa in ta gan shi sai ta yi ƙoƙarin murmushi da rabin fuskar da ta rage. Har yau ba ta san shi ya ƙirƙiro shaidar matan nan ba. Shi kuma bai san uwar mutum nawa ta karanta shafin kafin ya sauke ba.

Ya 'yan uwa, muna zaton shaidar zur sai a gaban alƙali. A'a. Duk inda ka ce an gani alhali ba a gani ba, ka yi ta. Tana cikin manyan zunubai, kusa da saɓa wa iyaye ake ambatonta. Wannan ya haɗa biyun a zama ɗaya, bai ko buɗe baki ba.

Kai mai koyon sana'ar nan, kayan aiki za su ba ka akwati. Abin da ka zuba a ciki naka ne, kai za a tambaya. In ba ka da gaskiyar da za ka sa, bar wurin fili.

Allah ya kiyaye mu daga abin da yatsunmu za su rubuta mu kasa gogewa. Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.