Awa Uku a Bakin Gado

A unguwarsu babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Lauya kowa ke ce masa, alhali ko ƙofar makarantar shari'a bai taɓa takawa ba. Sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga, a wani ɗan shago da ke kusurwar layi. Mutum ne mai son 'yan uwansa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Aibinsa ɗaya ne: a ganinsa babu masifar da ba ta da mai laifi, kuma babu taimakon da ya kai a nemo mai laifin a wanke shi tas. In aka yi hatsari a titi, mutane na ɗaukar masu rauni, shi yana can ya shaƙe wuyan direba. Abokansa kan tsokane shi cewa ko ruwan sama ne ya dake shi sai ya nemi ofishin da zai kai ƙara.

Yana da ƙanwa guda da yake kira Auta. Tana auren wani kafinta mai sanyin hali, suna da 'yan mata biyu ƙanana. Kafintan ya daɗe yana fama da ciwon ciki, daga baya likitoci suka ce tsakuwa ce a matsarmamarsa, sai an yi aiki an cire. Da ƙafarsa ya shiga asibiti, har yana yi wa matarsa wasa, wai in mai teburin nan ya zo ta ce masa ya ƙara haƙuri zuwa Asabar.

Ana cikin aikin numfashinsa ya ɗauke na wasu mintuna. Kafin a shawo kan abin, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Aka fito da shi idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Aka huda maƙogwaronsa aka sa masa roba da yake numfashi ta ciki, aka zura wata ta hanci ana ba shi abinci. Bayan kwana goma aka mayar da shi babban ɗakin maza, gado na biyu daga taga.

Tun ranar farko Lauya ya sayi jakar takardu. Ya rufe shagonsa, ya shiga zarya daga ofishin shugaban asibiti zuwa na mai karɓar ƙorafi. Ya rubuta takarda ta kai shafi takwas. Masu gadi suka san muryarsa tun daga bakin ƙofa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne likitan da ya yi aikin, wanda kullum ake ce masa yana tiyata ko ya fita.

Ita kuwa Auta tana ɗaki. Duk bayan awa biyu sai ta juya mijinta don kada bayansa ya yi gyambo. Ta goge masa jiki, ta canza zanen gado, ta shafa masa mai a dugadugai. Robar maƙogwaron takan toshe da majina, in ta ji wani ƙara kamar ruwa na tafasa sai ta ruga ta kira nas a zuƙe da inji. Nas biyu ne a ɗaki mai gado ashirin da huɗu, don haka kunnen Auta shi ne ran mijinta. 'Yan matan suna wurin maƙwabciya. Dangi sun yi ta zuwa a makon farko, suka yi addu'a, suka tafi, ƙafa ta ɗauke.

Lauya yakan leƙo kullum da hantsi, ya tsaya a ƙarshen gadon da jakarsa a hammata.

"Auta, kwantar da hankalinki. Wallahi sai sun gane ba su da wayo. Jiya na tsare mataimakin shugaban, har gumi ya yi."

"Yaya, da za ka kama mini mu juya shi. Bayana ya riƙe."

"Bari in je in dawo, kada mutumin ya fita. Wannan aikin nas ne ma, ba naki ba. Shi ma zan sa a takarda."

Sai ya fice. Ita da matar wani majinyaci suke kamawa su juya shi.

A mako na shida wani abu ya faru da ya sa Auta kuka da dariya lokaci guda. Ta riƙe hannun mijinta tana ba shi labarin ƙaramar 'yarsu da haƙorinta na gaba ya faɗi, sai ta ji ya matse mata yatsu. Ta sake kiransa, ya sake matsewa. Babbar nas ta zo ta gwada da kanta, ta ce wannan alama ce mai kyau, amma a bi a hankali, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti biyar.

Sai dai jikin Auta ya riga ya gama ƙarewa. Ta rame, idanunta sun faɗa, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman kujera. Wata safiya ta tashi za ta zubar da ruwa, jiri ya ɗebe ta, ta faɗi a tsakanin gadaje. Da Lauya ya iso ya tarar da ita zaune a ƙasa, babbar nas na tsaye a kanta.

Nas ɗin ta dube shi ta ce, "Malam, kai ne wanta? In ba ta yi barci ba, gado biyu za ku yi jinya."

Auta ta ɗago kai. "Yaya, ban taɓa roƙonka komai ba. Awa uku kawai. In je gida in yi wanka, in ga yarana, in ɗan kwanta. Ka zauna nan. In ka ji ƙarar nan a wuyansa, ka kira nas. Shi ke nan."

"Haba Auta, wannan har wani abu ne? Jeki abinki."

"Kada ka tashi, Yaya."

"Na ce miki jeki."

Ta gyara wa mijinta filo, ta raɗa masa cewa yanzu za ta dawo, ta tafi.

Lauya ya zauna. Bai taɓa zama kusa da surukinsa haka ba. Ya ga yadda hannayen da suka saba riƙe zarto suka yi laushi, ya ga ƙirjin na hawa da sauka da ƙyar. Abin ya dame shi, ya kawar da kai, ya buɗe jakarsa yana duba takardu. Awa ɗaya ta wuce lafiya.

Can sai ya hango likitan ta taga, yana tsallaka farfajiya zuwa wurin ajiye motoci. Mako shida yana neman mutumin nan. Ya dubi kafinta, ya ga numfashinsa daidai. Ya juya wurin wani tsoho da ke gadon kusa, wanda aka ɗaure wa karyayyar ƙafa da ƙarfe.

"Baba, ɗan sa mini ido. Minti biyu."

"Ɗana, ni da ba na iya tashi? Matarsa fa ta ce..."

Bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya tare likitan a bakin mota, ya riƙe ƙofar, ya fara zazzaga masa abin da ya tara. Mutane suka taru. Likitan ya ce su je ofis su zauna, Lauya ya ce a nan za a yi ta, gaban jama'a. Wani ya ce, "Gaya masa gaskiya!" Daɗi ya kama shi, ya ƙara ɗaga murya. Bai san minti ashirin da biyar sun wuce ba.

Da ya dawo ɗakin, ya tarar an ja labule an zagaye gado na biyu. Ƙafafun ma'aikata kawai yake gani ta ƙasa, suna kai da kawowa. Tsohon nan yana kwance yana haki, muryarsa ta dishe.

"Na yi ta ihu," in ji shi. "Duk suna can ƙarshen ɗaki wurin wani da ya suma. Na buga kwano, na yi ta ihu. Ina kallonsa yana baƙi."

An dawo da numfashin kafinta, amma abin da ya fara farfaɗowa a kansa ya tafi. Da Auta ta dawo da azahar, da wankakkun kaya a hannu da hoton da yaran suka zana wa babansu, ta tarar an mayar da shi ɗakin masu tsananin ciwo. Lauya ya tare ta a baranda.

"Kin ga sakacin mutanen nan? Nas biyu a ɗaki guda! Wallahi wannan karon har kotu..."

"Yaya, kana ina?"

"Ai su ne ya kamata..."

"Kana ina?"

 Ta dube shi na ɗan lokaci, ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta raɓa ta gefensa ta shige.

Kwana tara tana riƙe da hannun mijinta tana kiransa, bai ƙara matse mata yatsu ba. A rana ta goma da hantsi ya cika.

Bayan wata huɗu asibitin ya aiko da amsa. Sun amince an yi kuskure a ɗakin tiyata, sun ba da haƙuri, sun ce an hukunta wanda ya yi. Lauya ya ɗauki takardar ya nufi gidan Auta. Ya same ta a tsakar gida tana yi wa babbar 'yar kitso, ƙaramar na wasa da guntayen katako a ƙofar rumfar da babansu yake aiki. Ya tsuguna, ya karanta mata tun daga farko har sa hannu.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka yi nasara, Yaya. Sannu da ƙoƙari."

"Auta, ki yafe mini."

"Na yafe maka tun tuni, don ba ni da ƙarfin riƙo. Amma ka tafi da takardarka. Ba ni da inda zan sa ta."

Ƙaramar yarinyar ta zo ta tsaya a gabansa, ta ce, "Kawu, kai ne ka zauna da Baba ranar da Mama ta zo gida. Ya tambaye ni?"

Ya miƙe ya fita, ko sallama bai iya yi ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, idan musiba irin wannan ta auka wa wani gida, kada ka zaɓa musu taimakon da ya dace da halinka. Ka tambaye su abin da suke bukata, ka yi shi ko da ƙarami ne, ko da babu mai gani balle ya yaba. Neman haƙƙi ba laifi ba ne, kuma yana da lokacinsa, amma takarda tana iya jira, mara lafiya ba ya jira. Wanda aka ba amanar zama a bakin gado, to ya zauna har mai amanar ya dawo.