Dunƙulen Gashi a Tsagin Bango

"Baba, don na yi kama da Inna ne ka daina kallona?"

Yalwa ce ta yi tambayar, yarinya 'yar shekara shida, tana tsaye a ƙofar soro da ƙwaryar koko a hannu, kanta buzu-buzu kamar sheƙar tsuntsu, domin wata uku ke nan ta hana kowa taɓa shi, ta ce sai Inna ta dawo ta tsefe mata. Wanda ta tambaya kuwa shi ne Sarki Barmo ɗan Tunau ɗan Jatau Mai Garkuwar Giwa, sarkin Birnin Gawo Tara, dogo, kakkaura, mai murya kamar tambari, wanda sarakuna bakwai suke aiko masa da gaisuwa ba don ƙauna ba sai don tsoro.  Ya dubi rufin soro, ya ce, "Je ki sha kokonki."

Abin da ya faru shi ne, matarsa Hakama, wadda suka shekara takwas tare, ta fita ranar kasuwa da sunan duba gwaggonta, ba ta dawo ba. A ranar kuma aka nemi Madawaki Tankari aka rasa, amininsa, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya a tabarma ɗaya. Tun daga lokacin zama ya gagari Sarki. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake jin ƙara, ya kai gabas da fada ya komo yamma, yana lissafa dariyar da ta taɓa yi wa Tankari a gabansa, yana tambayar kansa wacce ce ta gaskiya a cikin shekara takwas ɗin nan. Alƙalin birni, tsoho mai sanyin magana, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, an cuce ka, babu mai musu. Igiyar aure tana hannunka, ka sake ta. Hukunci sai da shaidu, abin da ya saura ka bar wa Allah." Sarki ya ji, amma ba hukunci yake nema ba. So yake ta ji zafi, ta kuma san daga wanda ta ji shi.

Wani mafarauci ne ya ba shi labarin Kandarmu, sarkin aljannun Birnin Fitilu Dubu, inda ake kaɗa gashin mutum a yi lagwani da shi, a kunna, yana ci mai gashin yana ƙarewa ko yana bangon duniya. Da hantsi Sarki ya shiga ɗakin Hakama. Ya san mata ba sa yar da gashin da suka taje, dunƙule shi suke yi su cusa a tsagin bango don kada mugu ya samu. Ya laluba bayan gado, ya zaro wani dunƙule baƙi wuluk mai ƙanshin man shanu, ya ƙulle a bakin rawani. Ya bar wa Alƙali riƙon gari, ya fita ta ƙofar baya shi kaɗai, bai yi wa Yalwa sallama ba, don kada ya ga fuskar nan.

Kwana arba'in ya yi yana keta dazuzzuka masu duhu dulum da fako mai zafi zau, har ya iso Kogin Madubi, wani kogi shimfiɗeɗe, fari tas, wanda ba ya nuna wa mutum fuskarsa sai ranar da ta fi masa ɗaci. Duk wanda ya tsaya kallo, ruwan ya haɗiye shi. Sarki ya shiga, ruwa ya kai masa ƙirji, ya ga Hakama tana gyara mayafi a bakin ƙofa, Tankari yana riƙe mata linzami. Bai nutse ba, don fushinsa bai bar shi ya tsaya kallo ba, amma da ya haye sai ya ji yana son komawa ya sake gani, kamar mai sosa gyambo.

Daga nan ya faɗa Birnin Waiwaye, mai ganuwar tagulla da hasumiyoyi dogo-dogo, inda mutane duka wuyansu ya juye, fuska tana kallon baya, ƙafa tana tafiya gaba, suna cin karo da juna suna tuntuɓe da 'ya'yansu. Wani mai sayar da goro ya kama masa riga ya ce, "Baƙo, zauna in gaya maka abin da ƙanena ya yi mini shekara sittin da suka wuce." Sarki ya fizge rigarsa ya wuce, yana shafa wuyansa da ya fara yi masa tsami.

A rana ta saba'in ya tsaya a gaban Kandarmu. Fadar faffaɗa ce, ginshiƙanta na zinariya ja-jawur, daɓenta na lu'ulu'u sumul-sumul, fitilu dubu suna rataye a sarƙoƙin azurfa, kowacce da kwatarniyar ruwa a ƙarƙashinta, kuma babu wadda take ba da haske mai daɗi. Sarkin aljannu yana kishingiɗe, gemunsa kore shar, idanunsa kamar garwashi biyu a cikin toka.

"Gaisuwa ga mai mulkin ƙarƙashin duwatsu," in ji Barmo. "Ni sarki ne da aka ci amanarsa a cikin ɗakinsa. Na zo a kunna mini fitila."

"Maraba da jikan Jatau," in ji Kandarmu. "Ba ma hana wanda ya iso, ba ma kuma kunna wa mutum sau biyu. Iya Mazari, karɓi kayan baƙo."

Wata tsohuwar aljana ta fito, guntuwa, ƙanƙamammiya, da mazari a soke a ɗaurin kai. Ta warware dunƙulen, ta murza, ta shinshina, ta ɗaga ido.

"Ɗan Adam, al'adarmu mu yi tambaya ɗaya kafin kaɗi. Ka tabbata gashin mutum ɗaya ne?"

"Shekara takwas ina kwana kusa da kan nan," in ji Sarki da zafi. "Ke za ki koya mini gashin matata?"

"A'a, wane ni, zaki. Kwana kusa da kan nata dai na ji. Ka taɓa zama ka ga ana taje shi?"

"Kaɗa, tsohuwa!"

Ta kaɗa. Mazari ya yi ta juyi yana kuka siriri, gashi ya zama lagwani tsawon kamu guda. Aka sa shi a fitilar tagulla, aka miƙa wa Sarki garwashi, ya kunna da hannunsa na dama. Wuta ta kama shuɗiya. Ruwan kwatarniya ya motsa, sai ga Hakama a wani gida na zana a can wata ƙasa, ta rame, tana daka ita kaɗai. Taɓarya ta suɓuce mata, ta dafe ƙirji, ta durƙusa. Sarki ya sunkuya yana jiran sanyin da ya yi tafiyar kwana saba'in dominsa. Wani abu mai kama da shi ya taɓa harshensa, bai kai maƙogwaro ba. Ya ce a ransa, wataƙila sai ta ƙara jin jiki.

Sai ruwan ya tsage biyu. A ɗaya gefen ga ƙofar soronsa, ga ƙwaryar koko a kife, ga Yalwa kwance a ƙasa tana riƙe da ƙirji daidai inda uwarta ta riƙe, kuyangi suna salati a kanta.

"Wace irin yaudara ce wannan?" Muryarsa ta girgiza sarƙoƙin fitilu.

"Babu yaudara," in ji Iya Mazari, tana sakace haƙori. "Wace mace ce take taje kanta ta bar na 'yarta? Ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta fara da nata ta ƙare da na yarinya, mataji ɗaya, man shanu ɗaya, ta kwashe abin da ya zuba ta dunƙule wuri guda. Ko baiwar gidanka ka tambaya da ta gaya maka. Amma ku sarakuna ba kwa tambayar bayi."

"Ki warware! Ki cire na 'yata, ki bar na maciyar amana!"

"Ga shi nan, cire da kanka. Wanne ne nata?"

Ya kafa wa lagwanin ido. Baƙi ne duka, a murɗe, a cuɗe. Ya san adadin garuruwan da ya ci, ya san tabon kowane barde a rundunarsa, amma bai taɓa ɗora tafinsa a kan 'yarsa ya ji laushin gashinta ba. Ya hura wutar, ba ta motsa ba. Ya kamfaci ruwa ya watsa, ta ƙara tashi.

Kandarmu ya gyara kishingiɗa ya ce, "Jikan Jatau, iska ba ta kashe ta, ruwa ba ya kashe ta, sai tafin da ya kunna. In ka damƙe ta, hannun zai shanye, ba zai sake riƙe takobi ba. Kuma daga yau babu makaminka ko manzon sharrinka da zai isa ga matar nan. Za ta warke, ta tsufa, wataƙila ma ta yi dariya. Zaɓi naka ne."

"Ta yi dariya." Wannan kalma ta Kandarmu ta soke shi fiye da mashi. Ya juya ga tsohuwa, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya yi tambayar da har ya mutu bai daina jin kunyarta ba: "In na ɗan jira, ba uwar ce za ta riga ƙarewa ba?"

"Gashin yaro ya fi laushi," in ji ta. "Shi wuta take fara ci."

Duk da haka bai miƙa hannu nan take ba. Ya ja numfashi ɗaya yana kallon Hakama. Ya ja na biyu yana tuna linzami a hannun Tankari. A na uku leɓen Yalwa ya motsa a cikin ruwa, ya gane abin da take kira, ba Inna ba ce, shi ne. Ya damƙe lagwanin. Ƙaurin nama ya cika fada, bai saki ba, har shuɗiyar wuta ta mutu a cikin tafinsa, ruwan kwatarniya ya koma ruwa kawai.

Kandarmu ya tashi zaune, abin da ya shekara ɗari bai yi wa baƙo ba. Ya ce, "Fitila dubu a nan, kaɗan ne masu su suka dawo kashewa, su ma bayan an yi jana'iza." Ya kira wani ifiritu mai fukafukai baƙi-baƙi, ya ɗauki Sarki, kafin la'asar ya dire shi a ƙofar Birnin Gawo Tara.

Tambura suka tashi, mata suka rangaɗa guɗa, Alƙali ya fito da rawaninsa a karkace. Sarki bai tsaya karɓar gaisuwa ba. A tafe ya furta wa Alƙali sakin Hakama, ya ce a rubuta a aika duk inda take, kada a haɗa da ko kalma ɗaya. Ya wuce cikin gida. Yalwa tana zaune a tabarma, da rai, da lafiya, sai dai a saman kunnenta na hagu gashi ya yi fari fat, faɗin yatsa uku. Mutane suka ce zazzaɓi ne. Shi ya san adadin numfashin da ya ja.

Ya sa aka kawo mataji da man shanu. Ya zauna a ƙasa, sarki guda, ya zaunar da ita tsakanin ƙafafunsa, shanyayyen hannunsa a cinya, ya kama matajin da hagu. Ba ta hana shi ba.

"Wash! Baba, kana ja."

"To yaya ake yi, uwata?"

"Daga baki ake farawa, a hankali, sannan a hau sama. Haka Inna take yi."

Sunan ya daki ƙirjinsa, ya jira tsohuwar wutar ta tashi. Ta ɗan motsa, bai ce ta tafi ba, amma hannunsa bai tsaya ba. Ya fara daga baki. Da suka gama ya juyo da ita, ya dubi fuskar nan, idon Hakama, hancin Hakama, ya daɗe yana kallo har ta ji kunya ta rufe ido da tafi. Ya kwashe gashin da ya zuba, ya dunƙule, ta nuna masa tsagin bango, ya cusa. Ya yi mulki shekara talatin bayan haka, a zaune. Allah Ya ba mu ikon danne zuciya a ranar da muke da gaskiya.

Kai mai karatu, ko ke, ban ce ba a cuce ka ba, ban ce kuma ciwon ƙarya ne ba. Amma in akwai yaro a tsakaninku, ka sani gashinsu a dunƙule yake, kuma babu hannun da zai iya tsince shi. Duk abin da ka kunna wa uwar ko uban, zagi ne a gaban yaro, ko hana gani, ko abin da ya fi haka, ta kan ɗanka zai fara ci. Kada ka kunna. In kuwa ka riga ka kunna, kashe shi yanzu, kada ka tsaya jan numfashi.