Kwana Arba'in Kafin Naɗin Sarkin Kokawa

An yi wani sarki a ƙasar Gwaranyo, ana kiransa Barmo, mai adalci gwargwadon yadda fadawa suka bar shi, kuma babu abin da yake alfahari da shi kamar 'yan kokawar garinsa. Da Sarkin Kokawa ya rasu, wanda shi ke horar da samari kafin wasan kaka, sai neman rawanin ya tsaya tsakanin mutum biyu.

Na farko Cindo, wanda shekara goma sha ɗaya bayansa bai taɓa ƙasa ba, har makaɗa suka gaji da neman sabon kirari suka koma maimaita tsohon. Na biyu Mantau, maginin rumbu, wanda ya sha kaye ba adadi, sai dai ba a taɓa kayar da shi sau biyu da kamu iri ɗaya ba, domin duk wanda ya kayar da shi sai ya bi shi har gida ya roƙi a nuna masa yadda aka yi. Haka yake a sana'arsa: bayan kowace damina yakan zaga rumbunan da ya gina ya duba inda suka tsage, ko da masu su ba su koka ba.

Sarki ya kira Wazirinsa Haladu ya ce, "Waziri, fadawa sun ce wannan al'amari ba ya bukatar shawara, shi ya sa nake neman taka. Wa za a naɗa?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, a kara su sau biyu, yau da kuma bayan kwana arba'in, kada a yanke hukunci sai an ga ta biyun." Sarki ya yarda.

A karon farko Cindo ya ɗauki ƙafar Mantau ya maka shi da ƙasa tun 'yan kallo ba su gama gyara zama ba. Fadawa suka ce a kawo rawani a huta, amma sarki ya ce ya riga ya yi alkawari.

Mantau ya koma bakin aikinsa. Yana ɗebo ɗanyar ƙasa daga rafi a kafaɗa maimakon a jaki, da yamma kuma ya sa abokan aikinsa su yi ta ɗaukar masa ƙafa kamar yadda Cindo ya yi, har ya iya tsayuwa da ƙafa ɗaya ana jijjiga shi. Labari ya kai wa Cindo, ya yi dariya. A rana ta goma aka gan shi bayan asuba yana gudu cikin rairayi, abin da aka shekara bakwai ba a gani ba. Ya ce ragonsa ne ya ɓace. Ragon nan ya ci gaba da ɓacewa kowace safiya har kwana talatin.

Ranar karo na biyu suka kama juna tun la'asar har rana ta yi ja. Sau uku Cindo yana ɗaukar ƙafa, sau uku Mantau yana zamewa, tsofaffi suna rantsuwa ba su taɓa ganin irin wannan kokawa ba. Daga ƙarshe Cindo ya shiga ƙarƙashin hammatarsa da wani kamu da ba wanda ya sani, ya kai shi ƙasa.

Fadawa suka ce, "To, Waziri, sau biyu ke nan. Ko a ƙara wasu kwana arba'in ɗin?"

Waziri ya dubi Cindo ya ce, "Gwarzo, kamun nan yaushe ka koye shi?"

"Kwana ashirin ke nan, ranka ya daɗe."

"A shekaru goma sha ɗaya da suka wuce, sabon kamu nawa ka koya?"

"Ban bukata ba."

"Wa ya sa ka bukata?"

Cindo ya nuna Mantau, wanda ke kakkaɓe ƙura. Ya ce, "Wancan maginin ne ya hana ni barcin safe. Kuma tun da a gaban sarki nake, zan faɗi gaskiya: in saurayi ya faɗi ya tambaye ni yadda zai gyara, ban san abin da zan ce masa ba. Shi ya sani."

Waziri ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wanda ya fi ƙarfi yau Cindo ne, babu jayayya, kuma hana shi wannan zalunci ne. Amma rawanin na mai horarwa ne, ga kuwa mutumin da cikin kwana arba'in ya gyara kansa, ya kuma gyara wanda ya kayar da shi."

Sarki ya miƙe ya ce, "Cindo shi zai tsaya wa Gwaranyo a gaban kowane gari. Mantau shi ne Sarkin Kokawa. Fadawa kuma, na gode da shawararku, na ajiye ta." Aka naɗa Mantau a filin nan, Cindo ne ya riƙe bakin rawanin. Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri.

Mai hukunci da gaskiya ba ya tsayawa kan wanda ya faɗi da wanda ya tsaya. Sai ya binciki inda kowa ya faro da inda ya kai, sa'an nan ya ba kowa haƙƙinsa.