Dutse a Bakin Nomau

An ce wani sarki ya taɓa mulki a wata ƙasa mai nisa, wanda ba farauta ke gabansa ba, ba yaƙi ba. Abin da ke hana shi zama lafiya shi ne ya san yadda mutanen da suka shuɗe suka yi bauta, da abin da suka bauta wa. Fatake sun gane shi sarai. Wanda ya kawo masa alharini sai ya sami tukuici kaɗan, wanda ya kawo masa ruɓaɓɓen littafin wata al'umma da ta ƙare sai ya koma gida da raƙumi. Ya karanta addinin masu bautar wuta, da na masu duban taurari, da na masu yanka wa kogi baƙin bijimi. Ilimi dai yana da shi, ba za a ƙwace masa wannan ba. Sai dai ilimin bai sanyaya shi ba, wata 'yar dariya ya bar masa a gefen baki, wadda ke fitowa duk sa'ad da aka ce masa Allah ya ce.

Ga inda karatun ya kai shi. Ya ce babu wani wahayi da ya taɓa sauka ga kowa. Kowace al'umma ita ta ɗinka addininta kamar yadda take ɗinka rigarta, ta ari ɗinkin maƙwabta, sa'an nan ta rantse daga sama aka ba ta. Ba ya faɗin haka a bainar jama'a, don yana da wayo. A fada yake faɗa, fadawa su amsa da "haka yake, ranka ya daɗe," alhali rabinsu ba su ma fahimci abin da ya ce ba.

Wata rana ya sami labari cewa garinsa a kan gawar wasu garuruwa yake zaune, gari bisa gari, har ƙasa. Nan da nan ya sa aka tattaro masu haƙar rijiya na ƙasar kaf, ya ce su haƙa masa rami a tsakar fada, duk abin da suka tarar na mutanen da su aiko masa sama. Shekarar kuwa ruwan sama ya yi rowa. Rijiyoyin gari suka cika da laka, babu mai yashe su, domin masu aikin suna can suna tono wa sarki tsingaro. Mata suka dinga tafiya mai nisa neman ruwa, yara suka sha na kududdufi, aka fara kai ƙananan gawawwaki maƙabarta. Abin ya yi muni ƙwarai.

Akwai wani mai saƙar tabarma a garin, sunansa Nomau. Ba malami ba ne, bai kuma ce an aiko shi ba. 'Yarsa ce ta mutu, sai ya ajiye kaba ya je ƙofar fada ya tsaya, yana cewa da ƙarfi Allah zai tambayi sarki ƙishirwar yaran gari, a mayar wa talakawa da masu haƙa. Kullum sai ya zo. Da fadawa suka gaji, sai suka shiga suka ce wa sarki wani talaka na nan a ƙofa yana kiran sunan Allah a kansa. Sarki yana goge wani ɗan gunki da gefen rigarsa, ko ɗaga kai bai yi ba, balle ya tambayi me mutumin ke cewa. Ya ce, "Gobe a ba shi dutse."

To, a ƙasar nan in aka ce a ba mutum dutse, kowa ya san ma'anarsa. Da hantsi hauni, wato mai zartar da hukuncin kisa, zai ɗauko sumulmulen dutse ya buga shi cikin bakin mai laifi da guduma. A bar shi zaune a ƙofar fada mutane na gani, da la'asar a kashe shi, a binne shi da dutsen don kada ya ci gaba da magana a kabari. Sarki na alfahari da cewa kakansa ne ya ƙago wannan hukunci.

Washegari da sassafe wani tsoho ya shigo fada yana dogara sanda. Malam Hambali ke nan, wanda ya koya wa sarki baƙi da wasali tun yana yaro, ya kuma daina zuwa fada tun da 'yar dariyar nan ta bayyana. Ya gaisa, ya ce, "Ya sarki, na zo roƙon ran Nomau."

Sarki ya ce, "Malam, ai ba don ya zage ni ba ne. Don ya yi mini magana da bakin sama ne, ni kuwa na bincika na ga sama ba ta taɓa magana ba. Dubi abin da aka fito mini da shi daga ramin nan. Kowane gari da abin bautarsa, kowanne ya ce nasa ne na gaskiya, ga su nan duk ƙasa ta cinye."

Malam Hambali ya ce, "Ya sarki, ka karanta abin da aka aiko maka sama. Ka taɓa sauka ka ga abin da ba a aiko ba?"

Sarki ya ce bai taɓa ba, kuma bai san akwai wani abu da aka ɓoye masa ba. Malam ya gaya masa cewa masu haƙa suna da al'ada, in sun ci karo da ƙashin mutum sai su rufe shi da tabarma su wuce, ba sa ambatarsa ga kowa. Amma abin da suka gani a ramin nan ya tsorata su har suka zo wurinsa neman addu'a.

Son sani ya kama sarki. Ya ce, "Mu sauka. In ƙasa ta ba ka hujja, Nomau naka ne."

Malam ya ce, "Ya sarki, a aika wa hauni ya dakata har mu fito."

Sarki ya dubi rana ya ce, "Da sauran lokaci kafin hantsi. Hujjarka ba za ta daɗe ba, Malam." Bai aika ba.

Aka sa su cikin wani ƙaton kwando, ƙarti suka riƙa sakin igiya a hankali. Suna yin ƙasa hayaniyar fada na raguwa, sanyi na shiga jikinsu, ga wani wari kamar na tsohon rumbu da aka daɗe ba a buɗe ba. Suka iso garin farko, inda jikin ramin ya nuna ƙasan wani ɗakin bauta da toka mai kauri. Malam ya sa aka tsayar da igiya, ya miƙa sanda ya ɗaga wata tabarma da aka kafe a bango. Ƙoƙon kan mutum ne a bayanta, yana fuskantar su, haƙoran gaba a karye, da sumulmulen dutse a bakinsa.

Sarki ya ce wataƙila na zamanin kakansa ne da ya nutse. Malam bai yi musu ba, ya ja igiya aka ci gaba.

Gari na gaba masu gina da jan dutse ne, gumakansu masu kan tsuntsu. A bayan tabarma, ƙoƙon kai da dutse. Na ƙarƙashinsa masu zanen rana ne a jikin tukwane. A nan ma haka. Suka yi ta sauka, gine-gine na canzawa, abin bauta na canzawa, amma ba su wuce gari guda ba sai sun sami mutum ɗaya a wajen ƙofar ɗakin bauta, an toshe masa baki. A can ƙasa, inda mutanen ko tukunya ba su iya ginawa da kyau ba, kan ƙarami ne, Malam ya ce da alama na mace ne. Sarki ya ɗaga kai, bakin ramin ya koma kamar faifai, ga tabarmin nan a jere har sama, duk a buɗe, ramukan idanu na kallon ƙasa inda yake.

Malam ya ce, "Ya sarki, kai ne ka ce in abu biyu suka yi kama, ɗaya ya ara daga ɗaya. Wa ya ara wa kakanka dutse, alhali waɗannan suna binne bai san da su ba?"

Sarki ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "Ba wanda ya ara masa. Tsoro ne ke koya wa mai mulki haka. A ƙirjin ɗan Adam yake."

"Na yarda. To ka ga abu biyu na tashi a kowane gari ba tare da aro ba, wata magana, da dutsen da ake toshe ta da shi. Ka ce dutse daga ƙirjinmu yake. Ita maganar fa? Gumakan nan da ka tara, ba wanda aka sa wa dutse saboda su, don su ne rigar da gari ya ɗinka wa kansa, ta kuma yi masa daidai. Wane tela ne ke ɗinka rigar da ke ƙona shi, har ya kashe wanda ya kawo masa ita?"

Sarki ya ce, "Kowane zamani na da mahaukatansa, Malam. Ƙila ƙirjin da ya haifi dutse shi ya haifi maganar."

Malam ya ce, "Ƙila. Ban ce maka duk waɗannan annabawa ne ba, Allah ne ya san su. Ƙasa ba ta shaidar abin da ba ta gani ba, kuma ba ta ga mala'ika ba. Tarihi zai kai ka bakin ƙofa ne kawai, ba zai ɗauke ka ya shigar da kai ba. Ni na yi imani kafin in sauko nan, da shi zan hau. Amma abu ɗaya ƙasa ta gani da idonta. Duk garin da ya yi haka, wani gari ya hau kansa."

Sarki ya buɗe baki zai amsa, sai suka ji wani sauti. Ƙwas. Aka ɗan jima. Ƙwas. Kamar daga bangon ramin yake fitowa, daga wannan tabarma zuwa waccan, kowane gari na karɓa yana miƙa wa na ƙasa da shi, har ya iso ƙarƙashin ƙafafunsu. Sarki ya kama gefen kwando ya ce, "Malam, su ne?"

Malam Hambali ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "A'a, ya sarki. Hantsi ya yi. Naka ne, gudumar hauni ce."

Sarki ya fizgi igiya, ya yi ta kira a ja su, a tsayar da hauni. Amma rami na saukar da sauti fiye da yadda yake hawar da shi, ƙartin sama ba su ji kalma ko ɗaya ba, sai motsin igiya. Suka riƙa ja a hankali, cikin ladabi, don kada su girgiza sarki. Haka ya wuce kawunan nan ɗaya bayan ɗaya, fuska da fuska, gudumar na bugawa, har ta yi shiru.

Da ya fito bai tsaya neman takalmi ba, ya ruga ƙofar fada. Ya tarar da Nomau zaune a ƙasa, hannu ɗaure, jini ya jiƙa masa gaban riga. Sarki ya sa aka kira wanzami ya cire dutsen, aka kwance shi. Ransa dai ya tsira. Amma muƙamuƙi ya karye, harshe ya dagargaje.

Sarki ya durƙusa a gabansa, a gaban jama'a, ya ce, "Bawan Allah, me kake cewa a ƙofata? Faɗa mini, ina sauraro."

Nomau ya dube shi, ya yi ƙoƙari. Abin da ya fito gurnani ne da kumfar jini. Ya sake gwadawa, haka. Bai ƙara furta kalmar da wani ya gane ba har ya bar duniya.

Wata tsohuwa da ke riƙe da kansa, yayarsa ce, ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ba wani abu mai wuya ba ne. Cewa yake yaranmu na mutuwa da ƙishirwa, Allah zai tambaye ka, ka mayar mana da masu haƙa. Kowa a garin nan ya ji, har kurame sun ji a bakin mutane. Kai kaɗai ne ba ka ji ba."

Mutumin da ya san abin da masu bautar wuta ke faɗa a harsunan da suka mutu, a bakin wata tsohuwa ya ji maganar da aka yi ta yi a ƙofar gidansa. A ranar ya sallami masu haƙa suka koma rijiyoyin gari, ya hana hukuncin dutse a ƙasarsa har abada. Ko ya yi imani da wahayi daga baya, masu ba da labari sun saɓa, ni kuma ba zan rantse a kan zuciyar wani ba. Abin da suka haɗu a kai shi ne ba a sake ganin dariyar nan a fuskarsa ba.

Da jama'a suka watse ya tambayi malaminsa ko akwai abin da zai yi ya biya Nomau. Malam Hambali ya ce babu. Sa'an nan ya ce, "Ya sarki, adalci a kunne yake farawa. Wanda ya yanke hukunci kafin ya saurara ya yi zalunci, ko da daga baya ya zo da kuka."