Alhaji Sammako da Takardar Kwana Uku

Akwai wani dattijo a unguwar Nassarawo, nan cikin Jimeta, mai suna Alhaji Deribe. Ɗan Borno ne, sana'arsa sayar da huluna a babbar kasuwa. Amma in ka shiga layinsu kana cigiyar Deribe, za ka sha yawo. Ka ce Alhaji Sammako kawai, ko mai keke napep ya san ƙofar gidan.

Sunan bai zo a banza ba. In an ce ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya, tara tana yi masa a wurin, wani lokacin ma shi ke taya masu gida shimfiɗa tabarma. Ragon layya tun cikin Shawwal yake sayensa. A tasha kuwa ya sha riga direba zuwa, ya riga motar kanta.

Muna yi masa dariya, amma waɗanda suka san tushen abin ba sa yin ta da yawa.

A Mubi yake da shago a da. Shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka shiga garin, shi jikinsa ya ba shi tun da sauran kwana uku. Ya rufe shago, ya sa matarsa Ya Kellumi da 'yarsu guda ɗaya, Khairat, a mota suka kamo hanyar Yola. Maƙwabcinsa a kasuwa, wani bawan Allah mai suna Bawa, ya yi ta yi masa tsiya, yana cewa shi sai ya ci kasuwar mako tukuna. Har yau ba wanda ya sake jin ɗuriyar Bawa.

Tun daga ranar Alhaji ya ɗaura wa ransa cewa jinkiri shi ke kashe mutum.

Da suka iso Jimeta ba su san kowa ba. Wani malamin sakandare, Malam Absalom, da matarsa Rebeka ne suka buɗe musu ɗakuna biyu a gidansu. Wata takwas suka yi tare, murhu ɗaya, rijiya ɗaya. Ko da Alhaji ya sami nasa gidan, bai yarda ya yi nisa ba, ya kama wanda katanga kawai ta raba su. Rebeka ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, inda ake auna jini da majina. Ita ce ta riƙa koya wa Khairat karatu da yamma, shi ya sa Alhaji ba ya kiran ta da komai sai "'yata".

Shekaru suka ja. Khairat ta yi aure, ta bi mijinta Najmuddeen Alƙahira inda yake karatun likita. A shekarar da korona ta sa kowa ɗaure hanci, labari ya zo cewa tana da ciki, haihuwar fari.

Ya Kellumi ta ce ko da rarrafe sai ta je ta riƙe 'yarta. Shi kuwa Alhaji, Khairat abu ɗaya ta roƙe shi a waya: in jaririn ya faɗo, muryarsa take so ya fara ji, shi zai yi masa huɗuba a kunne. Alhaji ya yi alkawari, kuma duk wanda ya tsaya sayen hula a watan nan sai ya ji labarin alkawarin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Aka sami biza, aka yanki tikiti. Jirginsu zai tashi daga Abuja ranar wata Alhamis da ƙarfe biyu na rana.

Rebeka ce ta zaunar da su ta lissafa abin da ake buƙata. Na farko katin rigakafin shawara, katin nan mai ruwan ɗorawa. Ta ce allurar sai ta kwana goma a jiki kafin katin ya fara aiki. Alhaji ya yi murmushi, ya shiga ɗaki ya fito da katuna biyu. Ashe tun wata guda da ya wuce ya ja Ya Kellumi sun yi.

Rebeka ta tafa masa, ta ce ai shi ba a koya masa shiri. To, jama'a, yabon nan shi ya ƙarasa shi.

Na biyu, in ji ta, gwajin korona. Ta fara bayanin cewa shi wannan sai tafiya ta matso, amma Alhaji ya riga ya miƙe yana neman takalmi, wai zai riski la'asar a sahun farko. Abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne akwai gwaji.

Ana saura kwana tara tafiya, ranar da Rebeka ba ta wurin aiki, ya tasa Ya Kellumi gaba suka je ɗakin gwajin. Ma'aikaciyar da ke rubuta suna ta tambayi ranar tashinsu, ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce mata shi ya fara tafiya tun mahaifinta bai yi aure ba. Sai ta ci gaba da aikinta. Washegari sakamako ya fito, babu cuta. Alhaji ya kai takardun shagon masu kwamfuta aka manne su cikin leda mai tauri, don kada ruwa ya taɓa.

Da yamma ya leƙa gidan Malam Absalom yana kaɗa su kamar wanda ya ci kyauta. Rebeka ta karɓa, ta dubi kwanan watan, fuskarta ta canja.

"Baba Alhaji, wannan takarda zai mutu kafin ku kai Abuja. Awa saba'in da biyu ne kamfanin jirginku ya ce. Kwana uku kafin tashi, ba tara ba."

"'Yata, takarda ai ba tumatir ba ce da za ta ruɓe."

"Wannan kam tumatir ne, Baba."

Ta yi masa bayani a hankali. Gwajin ba ya faɗin komai sai abin da ke hancin mutum a ranar da aka ɗiba. Tsakanin ranar da ranar tashi zai shiga kasuwa, ya shiga masallaci, ya gaisa da mutum ɗari, wa ya san abin da zai ɗauko? Ta ce su bari sai Talata da safe su sake, sakamako ya fito kafin su bar Yola ranar Laraba.

Alhaji ya ji, amma bai saurara ba. Kalmar "ku bari" ce ta tsaya masa a rai. Ya ce shi an taɓa ce masa ya bari sai an ci kasuwa, kuma ya san inda mai maganar yake yanzu. Ya karɓi takardunsa ya fita.

Rebeka ba ta ji haushi ba. Ita ta ga ranar da suka sauka daga motar Mubi, ta san daga inda taurin kan ya fito. Tausayinsa ne ya kama ta.

Ranar Talata da safe ta shigo gidan da kayan aikinta a jaka, don ta hutar da su zuwa. Ya Kellumi, wadda ba ta cika musu da mijinta ba, ta ce masa a gaban Rebeka ita dai za ta sake, in ya yarda. Ya ce ta je ta ba da hancinta a yi ta soka, tun da daɗi take ji. Rebeka ta juyo gare shi da tsinken audugar a hannu, ta roƙe shi har sau uku. Ya ɗauki carbinsa ya tafi kasuwa.

Laraba suka sauka Abuja. Alhamis, jirgin ƙarfe biyu, takwas na safe ta yi musu a filin jirgi. Ko teburin duba fasinja ba a buɗe ba. Da aka buɗe, Alhaji ne na farko a layi, kamar kullum.

Ma'aikaciyar ta duba fasfo, ta duba katin shawara, ta gyaɗa kai. Ta karɓi sabuwar takardar Ya Kellumi, ta gyaɗa kai. Ta ɗauki tasa mai ƙyallin leda, ta juya ta, ta sa yatsa a kan kwanan watan.

"Baba, ka yi haƙuri. Mama za ta wuce. Kai ba za ka shiga jirgin nan da wannan ba."

Ya nuna mata inda aka rubuta babu cuta. Ya nuna mata hatimi. Ya ce a kira babbansu, aka kira, shi ma ya maimaita maganar cikin ladabi. Ya tambaya ko za a yi masa gwajin nan take, aka ce irin wanda ake karɓa ba ya fitowa kafin jirgi ya tashi.

Alhaji ya koma gefe ya zauna a kan akwatinsa. Mutumin da bai taɓa makara ba, yau sauri ya haifar masa da nawa.

Ya Kellumi ta tsuguna kusa da shi. Ba ta taɓa fita ƙasar waje ba, ba ta karatun boko, kuma tun barinsu Mubi ba su taɓa kwana a garuruwa daban ba. Ta ce in ba zai tafi ba ita ma ta fasa, su jira tare.

Nan ne dattijon ya nuna dattakonsa. Ya tuna ita ma takardarta tumatir ce, in ta jira ta ruɓe. Ya tuna Khairat tana can ba uwa a kusa, ga nauyin ciki.

"Tashi ki tafi, Kellumi. Ni na ƙi ji, bai kamata yarinya ta biya ba."

Ya sami wata baiwar Allah a layi da za ta Alƙahira ganin likita, ya damƙa mata amanar matarsa. Kafin ta shige, Ya Kellumi ta kwance bakin gyalenta ta ciro wata 'yar takarda ta sa masa a hannu. Rubutun Rebeka ne: adireshin wani ɗakin gwaji a Abuja da kamfanin jirgin ya amince da shi, da lambar waya. Tun ranar Talata ta rubuta, ta ce kada a nuna masa sai in ta ɓaci.

Alhaji ya daɗe yana kallon takardar, idonsa ya cika. Sannan ya kira Rebeka a waya.

Yana jiran ta ce "ai na gaya maka". Ba ta ce ba. Ta tambaya ko ya ci abinci. Ya ce yanzu zai kama mota zuwa wurin gwajin, ta ce a'a, ya fara zuwa ofishin jirgi ya ji ranar da za a ba shi kujera, daga nan a ƙirgo baya.

Kujera ba ta samu ba sai Litinin.

"To Baba, sai Asabar da safe za ka yi. Ba yau ba, ba gobe da safe ba. Ka zauna."

"Na ji, 'yata. Ke ce da agogo yanzu."

Waɗanda suka san shi sun ce kwana biyun nan da ya yi a masauki yana kallon bango sun fi masa wahala a kan hanyar Mubi. Sau biyu yana sa takalmi yana cirewa. Amma ya zauna. Asabar da safe ya je, ya miƙa hanci ba gardama.

Yana dawowa masauki bayan azahar waya ta yi ƙara. Najmuddeen ne. Khairat ta sauka lafiya, an sami mace, Ya Kellumi na riƙe da hannunta tun farko har ƙarshe.

Alhaji ya yi hamdala. Alkawarin da ya cika kasuwa da labarinsa ya wuce shi da kwana biyu. Ya ce wa surukin nasa ya yi wa jaririyar huɗuba, kada a jira shi.

Sai ya ji muryar Khairat, a gajiye.

"Baba, ba wanda ya ce mata komai tukuna. Mama za ta sa mata wayar a kunne. Muna jiran ka."

A nan tsaye, tsakiyar ɗakin haya, dattijon ya fuskanci alƙibla, ya kara wayar a bakinsa ya fara kiran salla a hankali. Yana yi hawaye na zuba a gemunsa. Da ya kai ƙarshe, ya ji 'yar ƙaramar murya ta tsandara kuka daga can.

Ya isa Alƙahira ranar Litinin, ya riski suna. Bayan wata biyu suka dawo Jimeta, kuma kafin ya shiga nasa gidan sai da ya tsaya a ƙofar Malam Absalom. Ya cire hular da ke kansa, wadda ya ce ba ta sayarwa ba ce, ya ɗora wa maigidan. Ita kuwa Rebeka ya ce mata ba shi da abin biyan ta, sai dai ya ba ta haƙuri a gaban mijinta da 'ya'yanta, kuma ya bayar.

Takardar nan mai leda tana nan rataye a shagonsa, tsakanin huluna. Har yau yana riga kowa zuwa ɗaurin aure, wannan kam sai dai a bar shi da halinsa. Amma in mai sayen hula ya ce zai yi tafiya waje, Alhaji yakan nuna masa ita ya ce:

"Ka ga wannan? Ita ta sa jikata ta fara sanin muryata a waya. Ka je ka tambayi masu aikin kafin ka motsa."

Darasi: Ba kowane abu ne sammako ke gyarawa ba, komai da lokacinsa. In za ka ƙetare ƙasa, ka tambayi kamfanin jirginka da ma'aikatan lafiya irin gwaji da rigakafin da ake nema, da ranar da ya kamata a yi kowanne, don wani yana son wuri, wani kuma in ka yi wuri ya lalace, kuma dokokin suna canjawa. Sannan in mai ƙaunarka ya san aikinsa, ka saurare shi ko da ka haife shi. Ku tura wa 'yan uwa masu shirin tafiya, musamman iyayenmu masu taurin kai irin na Alhaji, Allah Ya bar mana su.