Tabarmin Talakawa a Wuyan Kwakwa

An ce a wata ƙasa ta kan tudu, inda sanyi kan daskarar da ruwa a randa, an yi wani sarki mai son duk abin da ya yi tsawo. Garinsa kuwa kaba ce ta kewaye shi, gajeruwa, ko gwiwa ba ta wuce ba. Da ita mata ke saƙa tabarma, kuma al'adarsu a yanki ganye a bar saiwa, don ta sake tohowa.

Sarki ya ce wannan ciyawa ta ƙasƙantar da shi a idon baƙi. Ya sa aka tone ta har saiwa aka ƙone, aka kawo kwakwa daga kudu aka dasa. Da sanyi ya sauko, ganyen kwakwa ya fara baƙi, sai ya aika dogarai gida-gida suka kwashe tabarmi, aka naɗe wuyan itatuwan. Talakawa suka koma kwana a ƙasa tsirara, tari ya shiga yara.

Duk da haka kwakwa ba ta farfaɗo ba. Sarki ya sa aka kira Malam Barmo, wani tsoho mai hikima wanda ba ya tauna magana, ya ce, "Malam, ka yi wa itatuwana addu'a."

Malam Barmo ya ce, "Ya sarki, sai ka amsa mini tukuna. Ina ran kwakwa yake?"

"A kanta."

"Na kaba fa?"

Sarki ya yi tsaki. "A cikin ƙasa mana."

"To, shi ya sa sanyi ke taka ta ya wuce, shekara da shekaru. Sanyi bai iya kashe ta ba, ranka ya daɗe, kai ka iya. Addu'ar me zan yi wa itace? A kwance shi ka gani."

Aka kwance. Kan kowace kwakwa ya ruɓe, yana wari. Sarki ya ce, "A mayar wa kowa tabarmarsa yanzu, su shimfiɗa wa 'ya'yansu."

Kafin la'asar sai ga tabarmin suna wucewa ta ƙofar fada, a naɗe, bisa kafaɗun maza. Sarki ya ce, "Ba na ce a kai gida ba? Ina za su da su?"

Tsoho ya ce, "Maƙabarta. Tun jiya iyaye ke jira, ba su da abin naɗe yaran."

Sarki ya zauna a ƙasa, rawani a hannu. "Malam, in na sake shuka kaba, za ta fito?"

"Za ta fito. Amma ba waɗannan za su kwanta a kanta ba. Ya sarki, adalcin da ya makara, gawa kaɗai yake rufewa."